Takobi Ya Danne Alƙalami a Hotunan Mujahidai

Siffar mujahidi da ta zauna a zukatan jama'a guda ce: jarumi bisa ingarma, rawani na kaɗawa, takobi a zare. Ita ake gani a bangon littattafai da kalandu da jikin manyan motoci, har aka ɗauka iyakar tarihin ke nan. Wannan gurguwar fahimta ce, kuma zalunci ce ga mutanen da ake cewa ana girmamawa.

Amir Abdulƙadir na Aljeriya ya isa hujja. A 1843 sojojin Faransa suka afka wa sansaninsa, wani garin tantuna mai ɗauke da iyalai da malamai da tarin littattafai. Sarkin Faransa Louis-Philippe ya sa mai zane Horace Vernet ya zana harin a wani makeken allo mai tsawon mita 21, wanda ke fadar Versailles har yau. Dawakai ne da ƙura da mata a firgice, an tsara su don ɗaukaka ɗan sarkin da ya jagoranci farmakin. Shi Amir ɗin ma ba ya nan a ranar. Abin takaici, da Aljeriya ta samu 'yanci, mutum-mutumin da ta kafa masa a tsakiyar babban birninta shi ma mahayi ne da takobi a ɗage. Ina malamin tasawwufin da ya rubuta Kitabul Mawaƙif, ya hana a taɓa fursunonin yaƙi, ya kuma tsugunar da dubban Kiristoci ƙarƙashin kariyarsa lokacin tarzomar Dimashƙa a 1860?

Lamarin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya fi wannan muni. Ya rasu a 1817, na'urar ɗaukar hoto kuwa ba ta fito wa duniya ba sai 1839, don haka duk fuskar da ake yawo da ita da sunansa ƙirƙira ce. Kuma ba shi ke jan runduna ba. Ƙaninsa Abdullahi ne ya jagoranci yaƙin Tabkin Kwatto a 1804, ɗansa Muhammadu Bello ya ci Alkalawa a 1808. Kafin hijira zuwa Gudu, Shehu ya shafe kusan shekara 30 yana wa'azi da karantarwa a Gobir da Zamfara da Kabi, maza da mata, ya bar littattafai fiye da 100. Abdullahi kansa ya taɓa barin runduna ya nufi gabas, don ƙin kwaɗayin ganima da mulki da ya gani a cikin mayaƙa. Masu zane ba su waiwayi wannan rana ba.

Illar ba ƙarama ba ce. Yaron da ya tashi yana ganin takobi kaɗai zai zaci shi ne gadon, kuma da wannan zato 'yan ta'adda ke farautar matasa. Masu zane da masu buga littattafan makaranta su ne da alhakin gyara: su zana zauren karatun Shehu a garin Degel da allunan ɗalibai, domin a nan Shehu ya yi mafi yawan rayuwarsa.