Uwargida, Kin Taɓa Gwada Ruwan Randarki?

Yau maganar ruwa za mu yi, ruwan da kike ɗurawa a randa, a jarka, a duro ko a tanki, wanda yara ke zuwa su kamfata su sha ba tare da tambaya ba. Yawancinmu ido da hanci ne ma'auninmu. In ruwa ya yi garau, ba ya wari, shi ke nan. To amma ƙwayar cutar amai da gudawa ba ta da launi, ba ta da wari.

Mata na Daddara da sauran garuruwan Jibiya ba su manta da damunar 2018 ba. A watan Yulin shekarar aka yi ambaliyar da ta ci rayuka da gidaje a Jibiya, a watan kuma aka bayyana ɓarkewar kwalara a yankin Madarumfa ta jihar Maraɗi, tsallaken iyaka. A 2021 hukumar NCDC ta ƙirga mutum sama da 100,000 da ake zaton sun kamu a Najeriya, fiye da 3,000 suka rasu, Katsina na cikin jihohin da abin ya taɓa. Cuta ba ta tsayawa a Magama a duba mata takarda, ruwa take bi. Ruwan sama ya wanke ƙazantar fili ya zuba a rijiya, ɗan garuwa ya ɗebo, ya sauke miki a tsakar gida.

A ƙasashe irin su Amurka, masu kwamin wanka na ruwan ɗumi a otal da gidaje ana ba su shawarar su gwada ruwan aƙalla sau biyu a rana. Abu biyu suke dubawa: yawan sinadarin kulorin da ya saura a ciki, da kuma ko ruwan ya karkata wajen tsami ko wajen kanwa. Ruwan da za su zauna a ciki kawai ke nan. Namu kuwa cikin yaro zai shiga, kuma abu biyun nan su ne mu ma ya kamata mu sani.

Na farko, kulorin. Shi ne maganin da ke cikin WaterGuard da ƙwayar Aquatabs da ake samu a kemis. Da kin zuba shi, yana fara cin duk dattin da ya tarar, yana ƙarewa yana cin. Abin da ya saura bayan ya gama shi ne mai gadin ruwanki har zuwa gobe. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ragowar nan ta kasance tsakanin miligiram 0.2 zuwa 0.5 a kowace lita a lokacin sha. In babu ragowa, ko dai maganin bai isa ba, ko datti ya fi ƙarfinsa.

Na biyu, tsami da kanwa. Ke da kike girki kin san yadda ɗan ruwan kanwa ke kashe tsamin miya. Haka ruwa yake, wani ya fi kusa da tsami, wani ya fi kusa da kanwa. Masana na auna wannan da ma'aunin pH, daga 0 zuwa 14, tsakiya 7. Ƙa'idar ruwan sha a Najeriya 6.5 zuwa 8.5 ce, amma da zarar ruwa ya haura 8, ƙarfin kulorin yana raguwa sosai. Don haka kada ki zuba magani a bokitin da kika jiƙa kanwa ko toka, ko wanda bai gama fita daga omo ba.

Ga yadda za ki bi abin daki-daki.

Ki fara da kwantar da laka. Kulorin ba ya aiki yadda ya kamata a ruwa mai duhu, domin lakar ce za ta cinye shi, ƙwayoyin cuta kuma su ɓuya a cikinta. Ki sa ɗan alam kaɗan, wanda wasu ke kira alif, ko dakakken ƙwallon zogale, ki motsa, ki bari ya kwanta. Sai ki tsiyaye na sama ta ƙyalle mai tsabta. Ki riƙe wannan da kyau: alam yana wanke wa ruwa fuska ne kawai, ba ya kashe cuta. Gidaje da yawa a nan suke tsayawa, suna ganin an gama.

Sai awo. Ki san girman jarkarki, domin akwai ta lita 20, akwai ta lita 25. Ki karanta abin da ke jikin kwalba ko takardar maganin, ko ki sa a karanta miki, tunda ƙwayoyin ma girma-girma ne. Tanki mai lita 1,000 jarka 40 ce ta lita 25, da haka za ki lissafa nasa. Kada ki yi awon ido irin na gishirin miya. Kada kuma ki yi amfani da bilicin wanki mai turare.

Sai jira. Ki girgiza, ki rufe, ki ba shi minti 30 cur. Ko yaro na kukan ƙishi, a ba shi na jiya.

Sai gwaji. Akwai 'yar siririyar takarda ta gwajin ruwa, irin wadda masu kwamin iyo ke amfani da ita, ana samunta wajen masu sayar da kayan ruwa a manyan birane. Ki tsoma, ki ciro, ki jira 'yan daƙiƙun da aka rubuta, ki gwada launinta da na jikin kwalbar a hasken rana. Wuri ɗaya zai nuna miki kulorin, ɗaya ya nuna pH. Kwalba guda za ta ishi gidaje da dama, kuna iya haɗa kuɗi ke da maƙwabta ko 'yan adashinku. A ajiye ta a rufe, inda babu laima. In babu takardar, hancinki zai taimaka: bayan minti 30 ya kamata ki ji ɗan warin maganin sama-sama. In ba ki ji komai ba, ki ƙara awo ɗaya, ki jira minti 15. In kuma warin ya yi yawa har yara na ƙin sha, ki sheƙa ruwan daga wannan mazubi mai tsabta zuwa wancan sau da dama, ko ki bar shi 'yan sa'o'i.

Na ƙarshe, ajiya. Zafi da rana suna korar kulorin, shi ya sa tankin da ke shan ranar Afrilu a saman ɗaki ba ya riƙe magani. Ki haɗa na sha kullum a jarka mai ƙaramin baki, sannan ki juye a wankakkiyar randa mai murfi don ya yi sanyi. Moɗa guda, mai dogon hannu, a rataye ta, kada a bar ta a ƙasa. Hannun yaro ɗaya ya isa ya ɓata aikin safiya gaba ɗaya. Tanki kuwa a wanke shi duk wata shida.

Hattara biyu. Kada ki taɓa haɗa kulorin da maganin wanke bayan gida, hayaƙin da ke tashi yana illa ga huhu. Ki ɗora shi inda hannun yara ba ya kaiwa, kada kuma ki juye shi a gorar lemo. Ranar da babu magani, ki tafasa ruwan ya yi minti ɗaya yana ɓararraka. Ruwan jariri ma tafasawar ta fi, domin akwai ƙwayoyin da kulorin ba ya iya musu.

In kuwa gudawa kamar ruwan shinkafa ta kama wani a gida, ki fara ba shi haɗin gishiri da sukari nan take, ku nufi asibiti, kada a jira gari ya waye.

Ku faɗa mana a ƙasa: ruwan rijiya kuke sha, na burtsatse, ko na 'yan garuwa, kuma yaya kuke gyara shi? Allah ya raya mana zuri'a cikin ƙoshin lafiya. Sai mako mai zuwa.