Shigifa da Gobara: Labarin da Muka Bari a Sabon Birni da Isa

A duba labaran da muke turowa zauren nan: jarumi na da bene a Maitama, hutun amarci a Dubai, babu mai zaune a gidan ƙasa. Ba haramun ba ne. Amma da yawanmu ba su taɓa taka irin waɗannan gidaje ba, shi ya sa bayaninsu ke fitowa lami kamar miyar da ba daddawa, alhali ga gidajen da muka tashi a cikinsu suna rushewa ba wanda ya rubuta su.

Mu ɗauki Sabon Birni da Isa. A yankin nan kufan Alƙalawa yake, birnin su Bawa Jangwarzo, wanda ya faɗi a 1808 aka kashe Sarki Yunfa. Bayan yaƙin Gawakuke na 1836 Gobirawa suka kafa Tsibiri, daga baya Ɗan Halima ya ware ya kafa Sabon Birni. Wannan kowa na iya haddace shi. Abin da ba a rubuta ba shi ne yadda mutanen suka zauna, da abin da ke hana su barci in hunturu ya kama: gobara.

Gari ne na jinka da dangar kara, rumbuna cike da gero, ga iska busasshiya. Tartsatsi ɗaya daga murhu ya isa ya lashe unguwa. Babu 'yan kwana-kwana, babu famfo. Da an ji ihu sai kowa ya fito, mata da tulu da ƙwarya daga rijiya, maza na watsa ƙasa, samari su haye ɗakunan da wutar ba ta kai ba su yaye jinka don a yanke mata hanya. Mutum ya tsaya yana kallo ana sauke rufin ɗakinsa saboda na maƙwabci ya tsira. Wane labarin soyayya ne ya fi wannan nauyi?

A nan babban gida ke shigowa. Mu a ganinmu shigifar attajiri ko ta mai sarauta ba alfahari kaɗai ba ce. Rufin azara da aka danne da ƙasa ba ya kamawa kamar ciyawa, don haka can ake ɓoye tufafi, da littattafan malamai, har da ajiyar maƙwabta. Wanda ya san haka zai kalli kaurin bango da ƙanƙantar taga da wani ido. Kano ta adana Gidan Makama da Gidan Ɗan Hausa, baƙi na zuwa kallo. Namu kuwa indararo ya faɗi, damina ta ci bango, magada su sa bulo da kwano. Ba ma ganin laifinsu, yaɓe duk shekara kuɗi ne.

Wani zai ce yanzu lokacin maganar tsohon gini ne, ana sace mutane a hanya? Ai dalilin gaggawar ke nan. Tun 2019 dubban mutanenmu suka tsallaka ƙasar Maraɗi, wajen Gidan Rumji, wasu suka watsu cikin Sakkwato. Tsohuwar da ta san wace shekara wuta ta ci unguwarsu, da maginin da ya ɗaura azarar zaurensu, tana zaune a gidan haya ba mai tambayarta komai. Kuma gobara ba ta zama tarihi ba, mun ga yadda ta yi wa babbar kasuwar Sakkwato a Janairun 2021.

Ba mu ce kowa ya shiga daji neman kufai ba, rai ya fi rubutu. Tsofaffin ne suka zo inda muke. A gaishe su, a nemi izini, a kunna rikoda ta waya. A tambayi sunan kowane ɗaki, wa ke fara kwarmata gobara, ina ake kwana bayan ta mutu, wa ke kawo kara da shuci a sake rufi. Wanda ya samo ya turo mana shafi biyu kafin Juma'a mai zuwa, da bakin mai maganar yadda ya faɗa, kar a mayar da Gobiranci Kananci.