Filin Ilmin Zamani: Farautar Ɓarna A Cikin Ƙwayar Kwamfuta

A wannan mako za mu leƙa wani lungu na kwamfuta wanda mai aiki da ita ba ya gani, amma ran da ya sami matsala kowa sai ya ji a jikinsa.

Ran 19 ga watan Yuli, 2024, aka wayi gari jiragen sama sun kasa tashi a filaye da dama na duniya, waɗansu asibitoci kuma suka koma ga takarda da alƙalami. Kamfanin Microsoft ya ƙiyasta cewa na'urori miliyan 8.5 abin ya shafa. Ba kuwa harin abokan gaba ba ne. Wata manhajar tsaro ce ta kamfanin CrowdStrike, mai aiki can cikin zuciyar Windows, aka aika mata sabon umurni wanda ya sa ta nemi bayani na 21, alhali kuwa 20 kaɗai aka tanadar mata. Ta miƙa hannu inda ba nata ba, nan take na'ura ta tsaya cik.

Zuciyar nan ita masana ke kira kanel, watau ƙwaya. Ita ce ke raba wa kowace manhaja wurin ajiya a cikin ma'ajiyar na'ura, ita ke magana da allo da kyamara da sauran sassa, ba kuwa wanda ke bisa kanta da zai tsawata mata. In ƙaramar manhaja ta yi kuskure, ƙwaya ta kan kashe ta, sauran su ci gaba da aiki. In ƙwaya ce da kanta ta yi kuskure, babu mai ceto. Kada mai karatu ya ce wannan zancen manyan ofisoshi ne, domin kuwa duk wayar Android da ke aljihu ƙwayar Linux ce a cikinta, wadda Linus Torvalds ya soma rubutawa a 1991. Galibinta da harshen C aka rubuta ta, shi kuwa harshen nan ba ya tambayar mai rubutu ko wurin da ya ke taɓawa nasa ne.

Ɓarnar iri biyu ce ta fi yawa. Ta farko kamar manomi ne da aka yanka wa gona, ya yi ta huɗa har ya ƙetare iyaka ya shiga ta maƙwabci: an ba manhaja bayit 64, ta rubuta a na 65. Ta biyu ta fi mugunta. Ɗan haya ne ya tashi daga ɗaki bai mayar da mabuɗi ba, aka ba wani ɗakin, sa'an nan na farko ya dawo da dare ya buɗe ya sake wa kaya wuri. Wurin ajiya ne aka riga aka mayar wa ƙwaya, amma wani sashe na manhaja yana riƙe da adireshinsa, yana ci gaba da rubutu a ciki. A 2019 Microsoft ya bayyana cewa wajen kashi 70 cikin ɗari na ramukan tsaron da ya ke toshewa kowace shekara daga irin wannan kuskuren ma'ajiya su ke.

To, ga inda wuyar ta ke. Na'urorin da suka tsaya a 2024 sun faɗi ne a daidai wurin laifi, saboda haka ba a daɗe ba aka gane mai shi. Yawancin lokaci ba haka abin ke zuwa ba. Ana yin ɓarnar da hantsi, ba abin da ya motsa, sai da la'asar wani sashe dabam, wanda bai san hawa ba bai san sauka ba, ya zo ɗaukar kayansa ya tarar an canza su, ya faɗi. Injiniya ya duba rahoto ya ga sunan wanda aka cuta, mai laifi kuwa ya daɗe da wucewa. Duk dabarun da za mu ambata manufarsu ɗaya ce, a kama hannun a lokacin da ya ke cikin jakar.

Tsohuwar dabara ita ce ta zuba guba. Idan aka kunna ta a Linux, duk wurin da aka mayar sai a cika shi da lamba 6b. In na'ura ta faɗi aka ga adireshi mai jerin 6b6b6b6b a rahoto, tsohon injiniya ba ya bukatar a gaya masa cewa ɗan haya ne ya dawo da tsohon mabuɗi. Sai dai wannan sawu kawai ta ke nunawa, bayan ɓarawo ya tafi.

Babban ci gaba ya zo ne a 2015, sa'ad da aka shigar da KASAN cikin Linux 4.0, bisa wata dabara da injiniyoyin Google suka bayyana a 2012. Ana ware kashi ɗaya cikin takwas na ma'ajiya a mai da shi littafin rajista. Kowane bayit 8 suna da bayit guda a littafin nan mai faɗin halinsu: sifiri na nufin duka takwas ɗin halal ne a taɓa, lamba 1 zuwa 7 na nufin na farko-farko kaɗai, sauran lambobi kuwa na nufin haramun, har da dalilin haramcin. Kafin ƙwaya ta karanta ko ta rubuta komai, sai an duba rajista. Kowane wurin ajiya ana kewaye shi da shingen da ba a taɓawa, wanda aka mayar kuma ba a ba wani shi nan da nan, sai ya yi zaman killacewa, don in mai tsohon mabuɗi ya dawo ya tarar da tarko. Rahoton da ke fitowa abin sha'awa ne, gama ya kan faɗi wanda ya taɓa, da wanda ya karɓi wurin tun farko, da wanda ya mayar da shi. Aikin da da ya kan ci makonni sai ya zama na yini guda.

Amma fa tarko ba ya kama naman da bai biyo hanyar ba. Shi ya sa Dmitry Vyukov na Google ya ƙera syzkaller, wata manhaja da ba ta da aiki sai jefa wa ƙwaya umurni barkatai dare da rana, tana lura da waɗanda suka kai ta sabon lungu. Haɗuwarta da KASAN ta tono kurakurai dubbai. Illar KASAN ita ce nauyi, don na'ura ta kan yi sanyi ninki biyu ko fiye, ba mai sayar da waya da zai yarda da haka. Sai a 2021, cikin Linux 5.12, aka kawo KFENCE, wadda ba ta binciken kowa. Bayan kowane kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa ta kan ɗauki wurin ajiya guda ta sa shi tsakanin shafuka biyu da aka haramta. A na'ura ɗaya da ƙyar ta kama wani abu, amma a na'urori dubu ɗari masu aiki na gaske, kuskuren da ya ɓuya a ɗakin gwaji ya kan faɗa hannu.

Akwai wani labari da ya kamata a ajiye kusa da wannan yabo. A watan Nuwamba 2017 syzkaller ta kama kuskuren tsohon mabuɗi a Binder, sashen da manhajojin Android ke aika wa juna saƙo ta cikinsa. Ba da jimawa ba aka gyara shi a Linux. Amma ba a yi masa rajista a matsayin ramin tsaro ba, saboda haka gyaran bai isa wayoyi da yawa da ke hannun mutane ba, har da Pixel 2 da waɗansu na Samsung da Huawei. Sai a ƙarshen 2019 Maddie Stone ta ƙungiyar Project Zero ta bayyana cewa akwai shaidar ana amfani da ramin nan wajen kutsawa wayoyin mutane. Kusan shekara biyu ke nan rahoto yana fili, mai niyyar ɓarna ya karanta, mai sayar da waya bai karanta ba. A ganina wannan ya fi kuskuren kansa muni.

Ana ƙoƙarin tare abin daga tushe. Tun Linux 6.1, a Disamba 2022, aka buɗe ƙofa ga harshen Rust, wanda ke ƙin yawancin irin wannan rubutu tun kafin manhaja ta soma aiki, ko da ya ke layukan C miliyoyi suna nan daram. A Fabrairu 2024 kuma masu kula da Linux suka karɓi ikon ba ramukan tsaro lamba da kansu, suka shiga ba kusan duk gyaran da zai iya zama haɗari. Kamfanoni suna kukan lambobin sun yi musu yawa. Amsar da masu Linux ke ba su ita ce su daina tsince-tsince, su ɗauki gyare-gyaren gaba ɗaya kamar yadda su ke fitowa.