Kuɗin horar da malaman Turanci su iso Dalijan



Kowace uwa ta sani, yarinya ko ta ci lissafi, in ba kiredit a Turanci a WAEC ko NECO, jami'ar tarayya da ke nan hanyar Kalgo sai dai ta hango gini. To malamin nata fa, wa ke ƙara masa sani?

Kuɗin ai akwai su. Dokar UBE ta 2004 ta ware kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigar tarayya, kuma a ciki akwai kason horar da malamai. Matsayarmu: kada duk su ƙare a bitar kwana uku a Birnin Kebbi, a raba jaka da alawus kowa ya watse. SUBEB ta ware wani abu don malaman makarantu huɗu-biyar maƙwabtan juna su riƙa haɗuwa duk wata, ɗaya ya koyar, saura su gyara masa, su tsara darasi tare. Bukatar ba yawa: kuɗin kabu-kabu, littattafai, da jagora daga Kwalejin Adamu Augie ta Argungu. Malama mai goyo, wadda kwana a birni ba zai yiwu mata ba, ita ma ta samu.

Gwamna Nasir Idris, Kauran Gwandu, ya shugabanci NUT ta ƙasa, ba sai an yi masa dogon Turanci ba. Shugabannin mata, a taron mazaɓa ku tambayi kansila da sakataren ilimi: malaman Turanci nawa aka horar daga Dalijan bana, nawa ne mata? Ku turo mana amsar.