RA'AYI: Kafin mai kwalliya ta buɗe aji a Maraɗi, wa ya koya mata koyarwa?

Duk mai bibiyar shafukan 'yan Maraɗi a WhatsApp, Facebook da TikTok ya saba da irin wannan sanarwa: an buɗe ajin koyon kwalliya na kwana uku ko mako guda, haɗe da ɗaurin kallabi da zanen lalle, a ƙarshe kuma a ba da takardar shaida. Wasu azuzuwan a shago ake yin su, wasu a falon gida a unguwanni irin su Sabon Gari, wasu ma a cikin waya kawai. 'Yan mata na shigowa daga Tibiri da Jiratawa. Kuɗin kuwa sau da yawa daga nesa yake zuwa, yaya ne a Libiya ko Abijan ya turo ta Nita ko Amana domin ƙanwarsa ta samu abin yi.

Abin farin ciki ne mace ta riƙe sana'ar da za ta iya yi ko tana gidan aure, da jarin da bai fi ƙarfinta ba. Damuwata ita ce yadda koyarwar ke neman zama kasuwar sayar da takardu. Wadda ta gama aji a watan jiya ita ce ke buɗe nata a wannan watan. Ra'ayina shi ne, koyarwa sana'a ce mai zaman kanta, kuma lokaci ya yi da za a horar da masu kwalliyar da ke son zama malamai kafin su karɓi kuɗin 'ya'yan mutane.

Ƙwararriyar mai kwalliya da ta kalli fuska ta san hodar da za ta dace da ita, ta san inda gira za ta tsaya. Hannunta ne ya sani, saboda shekarun da ta yi tana aiki. Amma a tambaye ta dalilin da ya sa ta zaɓi wannan launi ta bar wancan, sai ta ce haka dai ake yi. Ɗaliba ta zauna ta kalla, ta ɗauki bidiyo, ta koma gida tana ganin ta iya. Ranar da aka kawo mata amarya mai maiƙon fuska ko mai ƙuraje, a zafin watan Afrilu da ke haura digiri 40 a Maraɗi, sai kwalliyar ta narke tun kafin a kai amarya ɗakinta. Malama ta gari ita ce wadda ta san abin da za a fara koyarwa da abin da zai biyo baya, ta sa ɗaliba ta gwada a fuskoki mabambanta, ta gyara mata kuskure ba tare da kunyata ta ba, sannan ta jarraba ta kafin ta sallame ta. Wannan ba ya samuwa a kwana uku.

Batun lafiya ya ma fi wannan nauyi. Burushi da soson hoda da ake yawo da su daga wannan fuska zuwa waccan ba tare da wankewa ba na iya yaɗa ciwon ido irin na apolo da cututtukan fata. Baƙin lallen da ake sakawa sinadarin rinin gashi na PPD domin ya yi saurin kamawa yana iya sa fata ta kumbura ta yi ƙuraje masu ruwa, wani lokaci ya bar tabo. Kwallin dutse da muka gada ma akwai abin dubawa a kansa: a shekarar 2012 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta ba da rahoton wani jariri a birnin Boston da aka samu gubar dalma a jininsa, aka gano daga kwallin da aka kai daga Najeriya ne, wanda sama da kashi 80 cikin 100 nasa dalma ce. Sai kuma man bilicin. Kodebuwa ta haramta mayukan sauya launin fata masu haɗari a 2015, a 2023 kuma hukumar NAFDAC ta Najeriya ta bayyana matsalar a matsayin ta gaggawa ga lafiyar al'umma. Duk da haka akwai masu koyarwa da ke sayar wa ɗalibansu haɗin mai marar suna, wai na gyaran amarya. Mai kwalliya idan ta yi kuskure, fuska ɗaya ta ɓata. Malama kuwa, duk ɗalibar da ta yaye za ta tafi da kuskuren nan ta ci gaba da yin sa a kan wasu.

Ita kanta malamar tana cutuwa idan ba ta iya lissafi ba. A ce, a matsayin misali, ta ɗauki ɗalibai goma, kowace ta biya jaka ashirin. Jaka ɗari biyu ke nan, kuma a ido kuɗi ne. To a cire kayan da ɗalibai za su ƙarar wajen gwaji, da haya, da wuta ko man janareta, da ɗan abin da za a ba waɗanda suka ba da fuskarsu, da buga takardu. A kuma cire amaren da ta mayar a wannan mako saboda tana aji. Da yawa sai bayan an watse suke gane cewa uwar kuɗin suka ci. Ga shi kuma kaya da yawa ta hanyar Kano da Katsina suke shigowa, farashinsu na bin canjin naira da sefa da kuma halin da iyaka ke ciki. 'Yan kasuwar Maraɗi ba su manta rufe iyakar da Najeriya ta yi daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020 ba, balle wadda ta biyo bayan juyin mulkin Yulin 2023 har zuwa Maris na 2024. Wadda ba ta riƙe littafin shiga da fita, ba ta kuma raba kuɗin sana'a da na cefane, irin wannan girgiza ɗaya ta isa ta rufe mata shago.

Na san abin da wasu manyan masu kwalliya ke cewa: wadda ka koya wa yau ita ce kishiyarka gobe, shi ya sa ake ɓoye wa ɗalibai asirin aikin. Wannan tsoro ba shi da amfani a zamanin da kowace yarinya ke da YouTube a hannu. A Legas, Tara Fela-Durotoye ta fara kamfanin House of Tara a 1998, ta buɗe makarantar koyon kwalliya a 2004. Ɗaliban da ta yaye ba su kashe mata kasuwa ba, su ne ma suka zama masu saye da tallata kayanta. A nan ma, ɗalibar da aka koyar da kyau ita ce mataimakiya a ranar da bukukuwa suka haɗu, ita ce kuma za ta riƙa sayen kaya a hannun malamarta idan ta koma Tibiri ko Jiratawa ta buɗe nata wurin.

Wasu kuma na fargabar cewa da zarar an ce tsari, sai jami'ai su fito da rasit su takura wa matan da ke neman na kansu. Wannan fargaba tana da tushe, shi ya sa gyaran ya kamata ya fara daga masu sana'ar da kansu. Su haɗu su kafa ƙungiya, su nemi shiga ƙarƙashin majalisar masu sana'o'in hannu ta ƙasa, CMANI. Su amince da mafi ƙarancin abin da kowane aji zai ƙunsa: tsafta, sanin nau'o'in fata, karanta ranar lalacewar kaya da sunayen sinadarai masu haɗari, adadin fuskokin da ɗaliba za ta yi aiki a kansu, da lissafin farashi. Su kuma tsayar da cewa sai wadda ta yi shekaru tana aiki za ta sa hannu a takardar shaida.

Masu taimakawa suna kusa. Asusun FAFPA an kafa shi ne domin tallafa wa horon sana'a da koyon aiki, kuma ƙungiya mai rajista ta fi mutum ɗaya damar a saurare ta. Cibiyoyin koyon sana'a na CFM, da aka fi sani da ɗinki da kafinta da walda, suna da malaman da suka san yadda ake tsara darasi da jarrabawa. Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi na da sashen kimiyyar lafiya da za a iya gayyato malamansa su yi bayani kan fata da ido. A yi horon da Hausa, tunda ɗalibai da yawa ba su yi nisa a boko ba, rubutun jikin kayan kuma da Faransanci ko Turanci yake zuwa.

Ku kuma 'yan uwa da ke ci-rani, guminku ne ke biyan kuɗin waɗannan azuzuwa, don haka kuna da haƙƙin tambaya kafin ku turo. Shekara nawa malamar ta yi tana aiki? Mako nawa ne ajin, kuma mutum nawa ne a ciki? Ƙanwarku za ta taɓa fuska da hannunta ko kallo kawai za ta yi? Ina waɗanda aka yaye a baya, suna aiki kuwa? Bayan kuɗin aji, a ware na kayan fara aiki, domin takarda ba ta yi wa amarya kwalliya. Idan masu biya suka fara yin waɗannan tambayoyi, malaman da suka san aikinsu za su fito fili, sauran kuma dole su koma su ƙaro ilimi. Ta haka ne kwalliya za ta biya kuɗin sabulu, ga ɗaliba da malamarta da wanda ya turo kuɗin.