ƘIN YAHUDAWA: GEMUN MAƘWABCI YA KAMA DA WUTA

Ran 27 ga Janairu 1945 sojan Rasha suka kutsa sansanin Auschwitz a ƙasar Poland, duniya ta ga ta'asar da gwamnatin Hitila ta yi. Yahudawa wajen miliyan 6 aka hallaka a Turai, maza da mata har da jarirai. Mutane suka ɗauka daga ranar nan ƙin Yahudawa ya mutu ke nan. Ashe likimo ya yi.

Cikin 2012 wani ɗan bindiga ya harbe yara 3 da malami ɗaya a makarantar Yahudawa ta Toulouse a Faransa. Cikin Oktoba 2018 aka kashe mutum 11 suna cikin ibada a Pittsburgh ta Amurka. Ba a tambayi ko ɗayansu abin da ya aikata ba. Asalinsu kawai aka duba.

Cutar nan tsohuwa ce. Sa'ad da annoba ta auka wa Turai cikin 1348, aka ce wai Yahudawa ne suka zuba guba a rijiyoyi, aka ƙone su da rai a garuruwa irin su Strasbourg. Cikin 1903 aka buga wani littafi a Rasha, wai shi ne asirin shirin dattawan Yahudawa na mallake duniya. Jaridar Times ta London ta tona cikin 1921 cewa ƙage ne, an kwaso shi daga wani littafin zambo na Faransanci wanda ko kusa bai shafi Yahudawa ba. Amma har yau ana fassara shi, ana yaɗa shi ta wayar hannu. An ce ƙarya fure take ba ta 'ya'ya, amma wannan kam ta cika kaburbura.

Wani zai ce, to, Falasɗinawa fa? Lalle duk mai tausayi ya ga jinin da aka zubar a Gaza tun daga Oktoba 2023 sai zuciyarsa ta ƙuna, kuma babu laifi ga wanda ya soki gwamnatin Isra'ila da babbar murya. Yahudawa da dama ma sun fita zanga-zanga a New York suna sukarta. Amma gwamnati daban, mai kanti a Paris daban. Laifin wani ba ya hawa kan wani.

Wanda ke zaune a Agege ko Sabon Badun bai kamata a yi masa dogon bayani ba. Ya san yadda ake ɗora wa baƙo laifin tsadar abinci da rashin aiki. Haka Ghana ta kori baƙi cikin 1969, Nijeriya ma ta yi nata cikin 1983. A kasuwar Shasha cikin 2021, rigimar mutane ƙalilan ce ta jawo wa ɗimbin bayin Allah asarar rai da dukiya. Wanda ya yi kisa a Pittsburgh zarginsa shi ne Yahudawa ke shigo da baƙi. Wata 5 bayan haka, wani mai irin wannan ƙin baƙi ya kashe Musulmi 51 a masallatai biyu na Christchurch a New Zealand.

Akwai abin koyi. Cikin Janairu 2015, da aka kai hari wani kantin Yahudawa a Paris aka kashe mutum 4, Lassana Bathily, Musulmi ɗan ƙasar Mali mai aiki a kantin, shi ya ɓoye masu sayayya a ɗakin sanyi, ya sulale ya yi wa 'yan sanda kwatancen ginin.

Saboda haka ya wajaba ga malamai da sarakunan Hausawa na Kudu su ja kunnen matasa. Duk saƙon da ya ɗora wa al'umma guda laifin duniya, a tambayi tushensa, kada a tura shi gaba. In gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.