Fadar Daura Amana Ce, Ba Gado Ba

Duk ɗan Baure ko ɗan Zango da ya shiga Daura ran Sallah ko ran Gani, ya tsaya a ƙofar fada, yana kallon gidan da kakannin sarakunansa suka baro ne, ko ya sani ko bai sani ba. Saboda haka maganar wannan gida ta shafe mu duka, kuma tambayar da ya kamata ɗalibai da ma'aikata su yi wa kansu ita ce: shin na wane ne, kuma wa zai amsa laifi in tsofaffin sorayensa suka salwanta?

Tarihi ya riga ya ba da rabin amsa. Wajen shekarar 1805, lokacin jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, Malam Ishaku ya ci Daura, Sarkin Gwari Abdu ya fita da jama'arsa. Zuriyarsa ba su watse ba, sai suka kafa sarauta a Zango wajen 1825, wani reshe kuma ya zauna a Baure, inda ya shiga ƙarƙashin inuwar Damagaram. Ƙasa ɗaya ta zama uku, kowace tana kiran kanta Daura. Da Turawan Ingila da na Faransa suka raba iyaka a farkon ƙarni na ashirin, sai Ingilishi suka ɗauko Malam Musa daga Zango suka naɗa shi Sarkin Daura. Bayansa Abdurrahman ya yi sarauta daga 1911 zuwa 1966, Muhammadu Bashar ya gaje shi har 2007, sa'an nan Alhaji Umar Faruk Umar ya hau. Wato cikin shekara ɗari mulki ya sauya hannu sau biyu, amma fada tana Daura, ba ta bi kowa gudun hijira ba.

Haka abin yake a Kano. Gidan da Muhammadu Rumfa ya gina a ƙarni na 15, sarakunan Haɓe sun zauna a ciki, na Fulani ma sun zauna, har yau kuwa Gidan Rumfa ake ce masa. A al'adarmu ba a raba gidan sarauta a cikin gado. Sarki kan shiga ya tarar, ya ƙara soro ko ya gyara zaure, in wa'adi ya cika ya bar wa na baya. Mai riƙo ne, mai riƙo kuwa ba ya ɓarnatar da abin da aka ba shi ajiya.

Sauran rabin amsar yana jikin ginin kansa. Waɗannan soraye da tubali aka yi su, wanda aka murza da hannu daga jar ƙasa aka shanya a rana. Rufinsu na azara ne, itacen giginya wanda gara ba ta cika ci ba. Da yake azara ba ta iya ƙetare ɗaki mai faɗi ita kaɗai, sai magina suka ƙirƙiro bakan gizo: a jera azara gaɓa-gaɓa daga bango, a ɗaure, a lulluɓe da ƙasa, har su haɗu a tsaka su ɗauki tulluwa. A waje a shafe bango da makuba, wadda ake samu daga ɗorawa, don ruwa ya zame, a kafa indararo, a ɗora zankwaye a kusurwa. Kaurin bango shi ke riƙe sanyi da bazara, ya riƙe ɗumi da hunturu, ba tare da ko kwabo na lantarki ba. Wannan ilmi ne cikakke, irin wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya nuna a masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19, har Zbigniew Dmochowski, masanin gini ɗan ƙasar Folan, ya kwashe shekaru yana auna irinsa yana zanawa.

To, su wa suka haƙo ƙasar, suka ɗebo ruwan, suka saro giginyar? Talakawa ne. Na san akwai 'yan'uwanmu a jami'a masu cewa fada alama ce ta haraji da aikin tilas, in ta rushe ba su da asara. Ai wannan hujja tasu ita ce ke mayar da gidan hannun talaka. In da gumin kakanninmu aka gina shi, rushewarsa asarar jikokinsu ce, kuma an shafe shaidar da za ta nuna wa na baya yadda aka yi zama, da daɗi da ɗaci.

Wasu kuma kan ce ginin ƙasa wahala ne, kowace damina sai an yi yaɓe, siminti kuwa sau ɗaya ne. Gaskiya ne ƙasa tana son kulawa. Amma mutanen Jenne a Mali kowace shekara sukan fito gaba ɗaya su yaɓe babban masallacinsu, garin kuwa ya shiga jerin kayan tarihin duniya na UNESCO tun 1988. Tsohon birnin Agadas, maƙwabcinmu, ya shiga a 2013. Abin da ya fi ɓarna shi ne a shafa siminti a kan bangon ƙasa: danshi ya shiga ya rasa mafita, bango ya ruɓe daga ciki alhali fuskarsa tana sheƙi. Wanda ya ga yadda badalar Kano ta zaizaye, aka yanka ta filaye, ya san abin da sakaci ke haifarwa.

Matsalar ita ce alhaki ya rarrabu. Da can En'e ke gyaran fada da baitulmalinta. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya kawar da En'e, Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta sa ƙasa a hannun gwamna, a 1979 aka kafa Hukumar Gidajen Tarihi da Kayan Tarihi ta Ƙasa, a 1987 kuma Jihar Katsina ta fita daga Kaduna. Abin da masu shi suka yi yawa, kowa kan zaci ɗan'uwansa ne zai kula. A Ingila, da manyan gidajen iyayengiji suka fara gagarar masu su, dokar 1937 ta ba ƙungiyar National Trust damar karɓarsu, iyalin gida su ci gaba da zama, jama'a kuma su shiga su gani. Ba lalle mu kwaikwayi wannan ba, amma darasin a fili yake: a rubuta wanda ke da alhaki.

Shawarata uku ce. Majalisar Masarautar Daura da Gwamnatin Jiha su yi yarjejeniya a rubuce, cewa ba za a rushe ko a sake fasalin wani tsohon soro ba, a Daura ko Zango ko Baure, sai an auna shi an zana. A ware kuɗin yaɓe kowace shekara kafin faɗuwar damina, a ɗauki magina na gargajiya aiki, kowannensu da almajirai, don kada sana'ar ta bi tsofaffi kabari. Mu kuma ɗalibai, musamman masu karatun gini da tarihi, mu ba da hutu guda: mu je da ma'auni da littafi, mu auna zaure, mu zauna gaban dattawan Baure mu rubuta abin da suka ji daga iyayensu game da zaman Damagaram.

Ma'aikacin da takardar kwangila ta biyo ta teburinsa, ya tuna sabon ofis ana iya gina shi a kowane fili, amma soron da aka rushe ba ya dawowa. Allah ya ja zamanin Sarki, ya ba mu ikon riƙe amana.